Mangwaron da Ya Yi Wata Bakwai

A ƙarshen shekarar da babbar kasuwa ta ƙone, mahaifinmu ya daina cin abinci. Ciwo ya kwantar da shi a gidanmu na Zango, haƙoransa kuma sun daɗe da zubewa. Ni ne babban ɗansa, komai a wuyana yake, ga atamfofina sun tafi a gobarar.

Da farko ya ƙi tuwo. Bayan kwana biyu ya ƙi fura. A rana ta biyar ko kunu aka kawo sai ya kau da kai. Likitan unguwa ya faɗa mini ƙarara cewa in bai ci ba magani ba zai yi masa komai ba, a nema masa kayan marmari. Na kawo lemu, ya ce tsami. Na kawo ayaba, ya ture. Abu ɗaya yake nanatawa: mangwaro. Alhali tsakiyar sanyi muke, itatuwa ko fure ba su gama ba.

Na hau ɗan babur ɗina mobilet na zaga kasuwa uku. A ta ukun wata mai sayar da ayaba ta ce, "Malam, in ka samu ka rago mini."

Washegari da hantsi sai ga maƙwabciyarmu da kwano a rufe. 'Yar ƙabilar Mosi ce, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, a wurin matata ta ji labarin. Na buɗe kwanon, na ga wasu yanka-yanka rawaya, tauri kamar dutse, suna hayaƙin sanyi.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Mangwaro mana. Tun watan biyar yake cikin firigo."

Na ƙirga da yatsu. Wata bakwai!

"Innalillahi! Abin da ya yi wata bakwai za ki ba mara lafiya? Madam, me muka yi miki?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Maigida, zo ka gani da idonka kafin ka kai ni wurin 'yan sanda."

Na bi ta. Ta ɗaga murfin firigon da take daskarar da ƙanƙara. Gefe guda ledoji ne jere: markaɗaɗɗen tumatir, yankakkiyar kuɓewa, zogale kore shar. Ta ce lokacin da kaya suka cika kasuwa, masu su na roƙon a ɗauka, lokacin take saye. Ta wanke, ta yanka, ta ƙulle. Damina in ta zo tumatir ya yi tsada, ita ba ruwanta. Na tsaya baki buɗe. Mu shanya kawai muka sani, kuma duk shekara tumaki muke zuba wa ruɓaɓɓen mangwaro.

Duk da haka ban sake ba. Abu uku na yi, bi da bi. Na shinshina, ƙamshinsa na nan. Na kai wa likita, ya ce sanyi ya fi rana riƙe amfanin abu, in dai ba a narkar da shi an sake mayarwa ba. Sannan na ci yanka biyu da kaina, na zauna daga azahar zuwa la'asar ina jiran ciwon ciki. Shiru.

Sai na kai wa Baba. Ya tsotsa, ya buɗe ido, ya tambayi inda na samo. Na faɗa masa gaskiya, ina tsoron kada ya tofar.

Ya harare ni. "Tun hantsi abin nan na gidan nan ka hana ni? Ni da na yi shekara arba'in ina ajiye goro a ganye har ya zaga wata tara! Ƙaro, sakarai."

Yanka huɗu ya ci. Maƙwabciyar tamu ledar mangwaro goma sha ɗaya gare ta, kullum da hantsi ta aiko da ɗaya. Kafin su ƙare ya koma cin abinci, har yana dogara sanda ya fito zaure ya yi wa jikokinsa faɗa.