Ranar da Hamma Garba ya ari idanuna

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Garba, mai gyaran rediyo. Hamma muke kiransa, yadda maƙwabtanmu Fulani a nan Garwa ke kiran babban wa. Rumfarsa ta bakin kasuwa tana nan, amma yanzu caja da marfin waya ake sayarwa a ciki.

Hamma ba ya taɓa rediyo sai irin na da, mai akwatin katako da kwalabe a ciki, wanda sai ya ɗau zafi kafin ya yi magana. Inda ya fi ƙwarewa shi ne wajen neman tasha. A bayan gilashin akwai zare da ya bi ta kan ƙananan tayoyi. In ka murɗa, zaren ya ja allura, ya kuma juya wasu siraran farantai na ƙarfe masu shiga tsakanin juna. Da tsufa, zaren kan saki ko ya tsinke, farantan su lanƙwashe suna gogar juna.

Ni tela ne, kuma ban taɓa ɓoye rainin da nake yi wa sana'arsa ba. Na sha ce masa a gaban mutane, "Hamma, gawa fa kake wa magani." Yakan ci gaba da aikinsa. Sai dai a hankali ya daina zama a shagona, sai gaisuwa daga bakin ƙofa.

A shekararsa ta ƙarshe, wani dattijo manomin auduga daga Pitowa, Baba Yakubu, ya kawo masa rediyon mahaifinsa a ɗaure cikin zane. Allurar ta maƙale wuri guda. Ya ce jikarsa za ta yi aure a cocinsu, yana so baƙi su tarar da rediyon yana magana a tsakar gida kamar zamanin tsoho. Hamma ya ce ya dawo bayan mako.

Kwana uku yana fama. Abin da babu wanda ya sani a gidanmu shi ne yanar ido ta rufe masa gani. Da lalube yake aiki tun bara. A rana ta huɗu, da zafin azahar, sai ga shi a shagona rungume da akwatin. Ya ajiye a kan teburin yanka, ya ce, "Sani, ara mini idanunka. Ba na ganin ramin da zaren zai shiga."

Kunya ta hana ni kallon fuskarsa. Na ture ɗinkin da nake yi. Yana faɗa, ina yi: zagaye biyu da rabi a kan sandar murɗawa, a bi ta tayar hagu, a ɗaure a bakin sifirin. Da na gama, muka murɗa dama, allura ta tafi hagu. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ka ɗinka riga a baibai, tela. Warware." Farantan kuwa shi ya miƙe su da reza, ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a jikin akwatin yana sauraron inda suke goga. Kafin la'asar allura na tafiya sumul, tashoshi na shigowa suna fita. Baba Yakubu ya zo ya ɗauki kayansa, bayan biki kuma ya aiko mana da gyaɗa.

Ban taɓa ba Hamma haƙuri da baki ba. Daga ranar dai ya koma zama a shagona, har ciwon da ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da ake sauraron duniya ta waya, in ta lalace a jefar a sayi wata. Ba na jin zai yi faɗa. Ina jin zai karɓa ya jujjuya ta, ya tambayi ta ina ake buɗewa.

Bai bar gida ko gona ba. Abin da ya bari shi ne akwatunan da har yanzu ke magana a wasu gidaje daga nan har Maga, da ɗan abin da ya zuba a hannuna rana guda. A watan jiya wata mata daga Ngong ta zo tana neman Malam Garba, da rediyo a kanta. Na gaya mata ya rasu. Ta yi ta'aziyya, ta juya za ta tafi.

Na ce, "Hajiya, allurar ce ta tsaya?"

Ta ce ita ce.

Na ce, "Sauke shi. Ki dawo ranar Laraba."