Shanyar Beruwa a Gidan Mai Amalanke

Masera, matan cocin da suka koyar da mu a makarantar mishan, sun bar mini ɗabi'a guda: ba na iya ganin aiki a karkace in yi shiru. Da wannan hali na shiga ƙungiyar matan unguwarmu a Dogon Dutsi, bayan na ajiye alli. Sana'arsu beruwa ce, wato garin wake da ake murzawa da hannu har ya zama ƙananan ƙwayoyi, a turara a madambaci, a shanya a rana, sannan a kai kasuwa. Wani furoje na masu ba da agaji ya ba su injin niƙa da tukwane. Ni kuwa suka ɗora mini duba tsafta, muƙamin da babu wadda ta yi takara da ni a kansa.

Tsakar gidana siminti ce, babu akuya babu kaza, kuma rana tana wuni a cikinta. A nan muke shanya. Don haka na yi mamaki da shugabarmu, wata tsohuwa 'yar asalin Kiéché wadda ta girme ni, ta aiko cewa daga yau aiki ya koma gidan mai amalanke. Na san gidan. Rairayi ne, ga ƙunci, ga jaki ɗaure a kusurwa.

Na same ta na ce, "Yaya, wane laifi simintina ya yi?"

Ta ce, "Ba shi da laifi, Madam. Miji ne dai ba shi da shi."

Matan suka kwashe da dariya, ba wadda ta ƙara mini bayani. Na bi su, domin ina son in ga dalilin da zai sa mata masu hankali su zaɓi rairayi.

Matar gidan 'yar ƙungiyarmu ce, mai 'ya'ya ƙanana, kuma ta fi kowa iya murza. Ran nan ta ja kallabi har ya rufe ido ɗaya, hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Ba wadda ta tambaye ta komai. Aka ba ta kula da wuta, aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar ɗaki har bakin zaure, ba a bar ko wurin sa ƙafa ba. Na ce a bar hanya, haka tsari ya ce. Shugaba ta ce mini hanyar ce ba a so.

Da azahar maigidan ya dawo. Ya tsaya a bakin zaure, gabansa abinci shimfiɗe, kuma ɗan halak ba ya taka abinci. Dole ya yi sallama a cikin gidansa, ya durƙusa ya gaida tsohuwa.

Ta ce, "Sannu, ɗana. Ka yi haƙuri, mun cinye maka gida. Mun ji an ce hannunka yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa muka aje maka buhunan wake. Gobe ka kai mana su inji."

Wata daga baya ta ce, "A hankali dai, Inna, jakin ma ya shaida!"

Bai ɗaga kai ba. Aka naɗe masa tabarma ɗaya, ya wuce a rakuɓe kamar baƙo.

A hanyar gida na yi ta tambaya, kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Tun yaushe ake haka? Tsohuwa ta ce ba ƙungiya ta ƙirƙiro ba. A ƙauyensu, in aka ji kuka a wani gida da dare, washegari mata sukan ɗauki turamensu su yi daka a can. Shin yana aiki? Ta ce wani namijin kunya takan kama shi, wani kuwa ba ta kama shi. To, in damina ta sauka, shanya ta tsaya, wa zai cika masa gida? Ta ce, "Wagga tambaya taki, Madam, ni ma ina yin ta."

Muka ƙare rani a gidan. Na sa aka ɗaga tabarmin a kan karan gero saboda rairayi, na kuma sa aka mayar da jakin waje. Masu sayen sari daga Ɗan Kassari suka saba da ƙofar, suna tambayar matar da kanta, ba mijin ba. Idonta ya warke.

Ruwa ya sauka, aiki ya tsaya, kowa ta koma gona. Kafin a gama noman farko mai amalanke ya sake dukan matarsa.

Na zaci za ta tafi gidan ubanta a ba ta haƙuri a mayar da ita, kamar yadda aka saba. Ba ta yi haka ba. Ta ɗauki madambacinta da 'ya'yanta da buhunan busasshiyar beruwa da ta tanada, ta kama ɗaki kusa da tasha, inda take dafawa da mai da yaji tana sayar wa matafiya. Da dattawa suka zo biko, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, ta saurare su har suka gama. Sannan ta ce ta ji, za ta yi tunani har kaka.

An yi kaka, an kai gero rumbu. Har yanzu tana tasha.