Shekarun da Na Yi Ina Gudun Kuros

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutun Disamba, shekarar da nake aji biyar, aka tara mu a filin da ke bayan babbar lakwal, makarantar boko ta Filinge, don gudun kuros, wato tseren da ake yi cikin daji da rairayi. Lokacin sojoji ke mulki, kuma ba su wasa da duk abin da ya shafi matasa da motsa jiki, shi ya sa sufurefe, shugaban gundumarmu, da kansa ya zo cikin kakinsa ya zauna a rumfa. Mu ƴan ƙauye a amalanken jaki aka kawo mu tun da sassafe. Ƴan gari suna sanye da gajerun wanduna masu ratsi, wasu har da takalma, ni kuwa wandon yayana ne a jikina, Inna ta ɗaure mini shi da igiyar kaba. Da aka busa usur kowa ya zabura, aka bar ni can baya ina kallon ƙeyoyin mutane. Amma da muka gangara cikin dallol, kwarin nan mai zurfin rairayi da ya ratsa ƙasarmu, sai na ga sun fara nauyi ɗaya bayan ɗaya, wani ya riƙe ciki, wani ya zauna yana cire ƙarangiya. Ni a cikin wannan rairayin na tashi. Na riƙa wuce su har na daina jin numfashin kowa a bayana. Da na iso gaban rumfa ban san a nan ake tsayawa ba, na ci gaba abina, sai da wani soja ya cafko hannuna yana dariya ya ce, "Kai yaro, ina za ka kuma? Ai ka ci!" Aka ba ni sandar sabulu da biro, aka tafa mini, ni ko duk tsoro ya cika ni don na ɗauka laifi na yi.

Kafin wannan rana ban san gudu wani abu ba ne da ake yaba wa mutum a kansa. Ƙauyenmu yana da ɗan nisa da lakwal, kuma ba a barina in tafi sai na kai awaki bakin rijiya na ja musu ruwa, na zuba wa jaki harawa. In na gama, rana ta riga ta ɗaga, bulala kuma tana jiran wanda ya makara, don haka sai in ɗora allona a ka in zuba da gudu ta cikin gonaki, tsakanin karan hatsi da kututturen goriba. Tafin ƙafata ya yi kaurin da tsidau ba ya shigarsa. Da yamma mu yi langa a dandali har ƙafa ɗaya ta sage, da damina mu bi Baba gona da hauya, da kaka mu kori tsuntsaye daga kan zangarniya, muna gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan da gwangwani a hannu. Inna ta yi murna da sabulun nan, ta dama mini hura da nono mai yawa. Baba kuwa ya dube ni ya dubi sabulun, ya ce, "Wanda ba a koro ba, mi za ya sa shi gudu?"

Malaminmu Alzuma, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal, shi ya ɗauki abin da gaske. Bazabarme ne daga wajen Damana, dogo, siriri, ya taɓa yin gudu a zamaninsa kafin ya kama aikin koyarwa. Shi ya koya mini yadda ake ajiye ƙarfi don ƙarshen tsere, da yadda ake shaƙar numfashi a kan tudu. Yakan hau tsohon kekensa ya bi ni a gefe, in rairayi ya kafe keken ya sauka ya tura, yana kirana da Hausarsa mai karkata, "Hamidu, kada ka duba baya, ba ka bar komi can ba!" Da na ci jarrabawar shiga kwaleji, shi ya je ya zauna da Baba a zaure har ya yarda in koma Filinge wurin gwaggona, mai sayar da ƙuli-ƙuli a unguwar kasuwa. A waɗannan shekarun babu yaron da ya sha gabana a duk ƙasar Kurfai. Har Bankuku aka san sunana. Aka ɗora mu a bayan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai don gasar ƙasa, aka raba mana takalman gudu, na farko a rayuwata. Takalman nan su suka kashe ni a ranar. Kafin a yi nisa sun sale mini dunduniya, na ƙarasa cikin na baya-baya, jini ya jiƙa safa. Na yi kuka a bayan kamiyo har muka wuce Baleyara. Shekarar da ta biyo na koma, na tuɓe takalman a bakin layi, na zo cikin na gaba. Wani jami'i ya riƙe kafaɗata ya tambayi sunan ƙauyenmu, na faɗa masa, ya ce bai taɓa ji ba.

Daga nan sai babban fari ya zo. Hatsi ya tsiro ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Awakin da nake kai wa ruwa suka riƙa mutuwa, waɗanda suka rage Baba ya kai su kasuwa da kansa ya dawo da igiyoyinsu. Yayana ya bi samari suka tafi kurmi, can ƙasashen kudu, neman aiki, ya yi aike sau ɗaya, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Inna ta koma ɗebo anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, duk da haka in ka ci sai cikinka ya murɗa. Mushe Alzuma yakan kira ni gidansa da sunan aike, matarsa ta tura mini kwanon shinkafa, in ci rabi in ƙulle rabi a leda don ƙannena. Ba a fasa kuros ba a shekarar, don hukuma ta ce kada a nuna an karaya. Na shiga, ina gaba har muka juyo, sai na ga itatuwan gawo suna juyawa, ƙasa ta taso ta same ni. Na farka a gidan likita ana ƙara mini ruwa a hannu. Zazzaɓi ya biyo baya, na yi watanni ko rijiya ba na iya zuwa, karatuna ma ya koma baya.

Da ruwa ya dawo, jikina ya dawo a hankali, har na fi da. Ina ɗan saurayi lokacin da saƙo ya zo cewa an zaɓe ni cikin waɗanda za a tara a Yamai a horar, don wani babban tsere a ƙasar Turawa inda aka ce ƙanƙara ke rufe ƙasa. Aka ce kuma wanda ya je ya dawo za a ɗauke shi soja, ya riƙa gudu da sunan ƙasa yana karɓar albashi. Matsalar ita ce farkon damina ne, an yi shuka, Baba kuma ya tsufa, bayansa ya fara ranƙwafawa, ba shi da kowa sai ni. Na same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar hauya na faɗa masa. Ya ajiye ƙotar ya ce, "In sun ce za su ba ka aiki, tahi. Gonag ga ta gaji da mu." Inna ta soya mini gyaɗa ta ƙulle a ɗankwali, ta raka ni har bakin hanyar mota, abin da ba ta taɓa yi ba.

Mun shafe daminar nan kaf a Yamai muna gudu safe da yamma a bakin kogi, aka ce sai an shirya mu da wuri. Aka ɗauke mu hoto, aka auna mu, aka raba mana rigunan sanyi masu kauri da muke gwadawa cikin zafi muna yi wa juna dariya. Tafiyar aka yi ta ɗagawa. Da ranar ta zo daga ƙarshe, aka tara mu a farfajiya, wani mai babbar riga ya ce kujerun jirgi ba su isa ba. Ƴan gudu biyu suka tafi, sauran kujerun manya ne suka hau. Aka karɓe rigunan sanyin. Zancen soja kuma aka ce mu koma gida za a neme mu. Na iso ƙauye na tarar ciyawa ta cinye fiye da rabin gonarmu, don ciwon baya ya kwantar da Baba tun noman farko, Inna da ƙannena suka yi abin da suka iya. Ya tambaye ni ko na ga ƙanƙarar, na ce a'a. Ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Shekarar muka ci hatsin maƙwabta.

Ba a neme mu ba. Mulki ya sauya hannu, aka shiga zamanin yajin aiki da zanga-zanga, makarantu suka yi ta rufewa, aka daina kiran kuros sam. Aka mayar da Mushe Alzuma can gabas mai nisa, a can ya rasu, sai daga baya labari ya iso mini a bakin wani direba. Ni kuwa na ci gaba da fita da asuba ina gudu ni kaɗai, ina jiran tseren da ba a sa ranarsa ba. Mata masu zuwa rijiya suka fara kallona da tausayi, yara suna bina suna ihu. Baba ya rasu a wannan tsakanin. Don in ciyar da gida na koma dako ranar kasuwa, ina sauke buhuna daga manyan motoci, a nan gwiwata ta hagu ta goce wata rana da buhun gishiri a kaina. Mai ɗori ya ɗaure, ta warke a karkace. Lokacin da farar hula suka tuna da kuros suka sake kira, na je na tsaya a layi tsakanin yaran da ba su san ni ba. Ban kai rabi ba na ratse, na zauna a inuwa ina jin tafin da ake yi wa wani daga nesa.

Yau ina da ɗan teburi a kasuwar Filinge, ina sayar da goro da batir. A zamaninmu yaro kan fita daji shi kaɗai tun duhun asuba, babu abin da uwarsa ke jiye masa sai ƙaya da kunama. Yanzu lakwal ɗin da na yi a rufe take saboda masu bindiga, mutanenmu da yawa sun taso sun dawo gari, kuma babu uwar da za ta bar ɗanta ya yi nisa da gidaje. Kwanan baya jakin maƙwabcinmu ya tsinke, autana ya bi shi ta cikin lungu. Na ga yadda yake ɗaga gwiwa, da yadda kansa ba ya motsi, da yadda ya dawo riƙe da igiya ko haki ba ya yi. Ya tsaya gabana yana murmushi, yana jiran in ce wani abu. Na dube shi na ce ya je ya wanke ƙafa an kusa kiran salla. Ban san inda zan ce masa ya nufa da wannan gudun ba.