Mama Tafireta da Makulli Biyu na Ƙofa Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗan shagonta da ke jikin katangar kotu. Ta share, ta fito da benci, ta yaye zanen da take lulluɓe tsohuwar tafiretarta da shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana rubuta wa mutane takardar ƙorafi a wurin, har sunanta ya ɓata, kowa Mama Tafireta yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, idanunta sun gaji. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani.

Bara Ummana ta kama hayar gida a hannun wani dillali mai fesa turare kamar an yi ɓarinsa. Ya ba ta rasit, ya ba ta makulli. Muka saki tsohon ɗakinmu, muka ɗoro kaya a mota har da keken ɗinkinta. Muna isa muka tarar da wani direban bas yana sauke katifa a ƙofar, matarsa da tsohon ciki tana zaune kan bokiti. Shi ma da makullinsa. Nasa ya buɗe ƙofar, namu ma ya buɗe. Wayar dillali kuwa a kashe.

Ranar an yi cacar baki har maƙwabta suka fito. Mu ba mu da inda za mu koma, su ma haka. Washegari Umma ta ja ni sai shagon Mama, wai za ta kai direba ƙara. Muna shiga sai ga shi zaune kan benci, shi ma ya zo kai ƙarar Umma.

Mama ta dube su ta saman tabarau. "'Yar uwa, wannan bawan Allah ne ya karɓi kuɗinki?"

Umma ta ce, "A'a, amma shi ya shigar min gida."

"Kai fa, ɗana, ita ta karɓi naka?"

"Ko kusa, Mama."

"To ku da aka yi wa aski da reza ɗaya, me ya haɗa ku faɗa? Matsa mata ta zauna. Bencin ba ya cizo."

Haka take aiki. Ba ta taɓa tafireta sai ta ji ranar da abu ya faru, da wurin, da wanda yake tsaye. In mutum ya fara zagi sai ta ce, "Alƙali ba ya karanta 'ɗan banza', faɗa min abin da ya yi." Ta jera rasit biyun a kan tebur, sai ga lamba ɗaya, rana ɗaya, sa hannu ɗaya. Ta buga takarda guda, ta sa su biyun suka sa hannu a ƙasa. Kwafi ɗaya kotu, ɗaya ƙungiyar dillalai, ɗaya mai gidan da yake wani gari bai ma san wainar da ake toyawa ba. Ta ja musu kunne: kada su ba kowa ainihin rasit, sai hotonsa, kuma duk ofishin da suka kai takarda su tsaya a buga musu hatimi a kan nasu kwafin. Sannan ta tura su wurin wata lauya da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Direba ya ce, "Mama, yau ina za mu kwana?"

"Ɗaki nawa ne a gidan?"

"Biyu da falo."

"Ku nawa ne? Gida biyu. Ni ban ga lissafi mai wuya ba."

Ita ta kira mai gidan da bakinta, ya yarda, ta kuma sa ya turo amincewarsa a rubuce. Wata huɗu muka yi, labule ne ya raba falon. A lokacin ne matar direba ta haihu, Umma ce ta riƙe ta har asibiti.

Da sammaci ya isa, sai ga dillali ya ɓullo da murmushi, wai kuskuren ofis ne, a janye ƙara a sasanta a gida. Umma ta gaji da zirga-zirga, saura kaɗan ta yarda. Mama ba ta hana ta ba. Cewa kawai ta yi, "In zai gyara, ya gyara a gaban alƙali, a rubuce. In kin janye yau, gobe wata ce za ta tsaya da kayanta a titi."

Umma ba ta janye ba. Alƙali ya sa dillali ya mayar wa direba kuɗinsa, ya miƙa wa mai gida kuɗin Umma, ƙungiyarsu kuma ta soke sunansa. Direba ya samu gida a layin bayanmu. Mu muna nan, rufin kanmu bai tafi ba.

Mama, ke ce ba ki da rigar lauya, amma lauyoyi suke tsayawa su gaishe ki. Ke ce kike zaunar da wanda ya shigo a ruɗe har ya iya faɗin maganarsa daki-daki. Na ga mai gadi, na ga malamar makaranta, na ga tsoho da takardar fili a leda, duk a kan bencinki. Ba kowa ne ya ci nasara ba, kuma ba ki taɓa yi wa kowa ƙaryar zai ci ba.

Mun gode, Mama. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idanun nan haske. Ku kuma da kuka iya rubutu, in maƙwabcinku ya zo da rasit a hannu yana hawaye, kada ku tsaya a "sai haƙuri". Ku ba shi wurin zama, ku ɗauko biro, ku tambaye shi ranar da abin ya faru.