Masarar da Baba Philip Ya Shuka a Oktoba

Baba Philip ɗan Gbagyi ne, a Gwarinpa aka haife shi tun ba a san kwalta ba. Gine-gine sun cinye gonakin mahaifinsa, sai ɗan fili guda da ya rage masa a bakin rafi. Shi ma ɗin ba a ƙyale shi ba. Da ya girbe amfanin damina, masu buga bulo sai su lallaɓo su jibge yashi a gefe, duk shekara filin ya ragu da taku biyar. Ni maƙwabcinsa abin yana ci mini rai ƙwarai.

A shekarar 2005 Hajiya Saudatu, ma'aikaciyar gwamnati da ke layinmu, ta je kwas Afirka ta Kudu, ta yi masa tsarabar irin masara. A jikin ledar an rubuta a shuka a watan Oktoba. Baba mutum ne da ke duban gajimare ya faɗa maka ranar da ruwa zai sauka, amma in ya ga rubutu an gama magana! Ya adana irin har damina ta ƙare, sannan ya shuka.

"Ruwa ya tafi kana shuka?" in ji matarsa Angelina.

"Takarda ne ya faɗi," ya ce.

Da Hajiya ta ji, sai ta dafe kai. "Baba, laifina ne. Can lokutansu a juye suke. Muna damina suna sanyi, a Yuli da bargo biyu nake kwana. Ruwansu sai Oktoba, Kirsimeti kuma cikin zafi suke yin ta."

"To Hajiya, ya riga ya tsiro. Ba zan bar shi ya mutu ba."

Safe da yamma, wata uku cur, yana jidar ruwa daga rafi da jarka biyu. Na yi masa dariya har na gaji, daga baya na ji kunya.

Cikin Disamba masu bulo suka iso da tifar yashi. Suka tarar da masara shar, ta kai ƙirji. Ogansu ya leƙa, ya rasa inda zai juye, ya sa aka juya motar.

Da masarar ta nuna, masu gashi har daga unguwar Kado suka riƙa zuwa saye. Ranar da ya gama girbi ya auna filin da ƙafa, daga rafi zuwa iyaka, sau biyu. Bai ragu ko taku ɗaya ba. Washegari ya fara gyaran kunyoyi.