Kwarashin Matata da Gurbin Bayan Magariba

Shekarun baya, tun furfura ba ta gama cinye mini gemu ba, ni ne mai tsara wasanni a bikin al'ada da 'yan arewa mazauna kudancin Landan suke yi bayan Babbar Sallah. Zaure muke kamawa haya a Catford, Musulmi da Kirista kowa ya zo da iyalinsa da kular abincinsa. Akwai mata masu kiɗan ƙwarya, akwai rawar yara, akwai wani ɗan Gana mai siddabaru da yake zaro ƙwai daga hular mutane, ga kuma wani likita da duk shekara sai ya karanta mana waƙar da ya rubuta, wadda har yau ban san wanda ya taɓa jin ƙarshenta a farke ba. Aikina shi ne in gwada kowa, in ce wane zai fara, wane zai biyo baya. Ni ma ina da nawa wasan barkwancin, kuma ba yabon kai ba, a lokacin babu na biyuna.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka jerawa ce kawai. Ina! Mutanenmu ko a Landan ba sa zuwa taro da wuri, don haka wanda ya buɗe fili kujeru yake yi wa wasa. Wanda ya rufe kuma ƙeyar jama'a yake kallo, domin da an ci an ƙoshi kowa zai ƙulle ragowar waina ya ruga kada jirgin ƙasan unguwar Croydon ya wuce shi. Gurbi mai daraja ɗaya ne tak, bayan an idar da sallar Magariba, kafin a buɗe kuloli. A lokacin kowa ya iso, ƙanshin abinci ya danne kowa a kujera. Wannan gurbin nawa ne shekara da shekaru, kuma babu mai yi mini gardama tunda ni nake rabon.

Yadda nake auna wasa kuwa, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A falon gidanmu ake gwaji, matata tana gefe a kujerarta tana saƙa da kwarashi. Mai wasa yana yi, yana zaton shi nake kallo, alhali hannunta nake kallo. Idan kwarashin ya ci gaba da tafiya, wasan na cike gurbi ne. Idan ya rage gudu, akwai alheri. Idan ya tsaya cak, to wannan zai tayar da zaure. Ma'aunin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da ban so in tuna shi ne, idan ni na tashi gwada nawa, kwarashin har ƙara gudu yake yi.

Wasana na wani tsoho ne da ya zo daga ƙauye ganin jikoki, yana waya gida yana ba da labarin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yakan ce ya shiga ya yi sallama, kowa ya yi tsit kamar gidan makoki, sai ƙofar jirgin ce ta yi wata magana da Turanci ta rufe. Daga nan sai in yi shiru kaɗan, in saki ta ƙarshe: "Malam, duk jirgin nan ƙofa ce kaɗai mai tarbiyya." A nan zaure yakan fashe.

A shekarar da nake ba ku labari, da hannuna na jawo wa kaina. Na shiga bas wata rana na ji direban yana gunaguni da Hausa, muka gaisa, ashe mutumin Jos ne, Kirista, mai fara'a. Hira ta yi daɗi, ya ce yakan ɗan taɓa wasa a cocinsu. Ni kuma da son a san ni ne mai rabon fili, na ce ya zo gwaji.

Ya zo ranar Asabar da yamma, ya tsaya tsakiyar falo. Ko kalma ɗaya bai furta ba. Wani ɗan ƙasarmu ya kwaikwaya, sabon zuwa, yana jiran bas cikin tsananin sanyi da babbar riga shara-shara, yana so ya nuna wa Turawa shi sanyi bai dame shi ba. Haɓarsa na rawa yana danne ta da hannu, yana murmushin ƙarfin hali, gwiwoyinsa na gaisawa da juna. Yarana da ba sa kama rabin barkwancina saboda Hausarsu ta tsaya a "ina kwana", sai ga su a ƙasa suna birgima. Na juya na dubi ma'aunina. Kwarashin ba tsayawa ya yi ba, faɗuwa ya yi. Ƙwallon ulun ya gangara ƙarƙashin tebur, ita kuwa ta dafe ciki tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo Allah, ɗan'uwa ka bari haka, za ka kashe ni!"

Jama'a, na ji kishi. Ba zan sa masa wani suna ba. Irin dariyar nan rabona da in ji ta daga bakinta saboda ni tun muna amarci a Kano. Na raka baƙo har ƙofa ina ce masa ya yi ƙoƙari, muryata kamar ta mai ciwon haƙori. Kwanakin da suka biyo baya sai in jiyo ta a kicin tana wanke-wanke, ta tuna, ta tuntsire ita kaɗai. Ni kuma ina falo ina cika ina batsewa.

Na yi tunanin in sa shi bayan waƙar likita, lokacin da rabin zaure yake gyangyaɗi. Na yi tunanin in ba shi rufewa, ya yi wa masu neman takalma rawar sanyi. Amma na san abin da na gani, kuma duk kishina ban iya ɓata taron da mutane suke jira shekara guda ba. Ga wata matsalar: ba a jera masu ban dariya biyu kusa da juna, na biyun ke shan wahala. Idan ya hau bayan Magariba, dole in yi nisa da shi. Rufewa ta masu kiɗan ƙwarya ce, don mata su taka rawa suna tattara kaya. Abin da ya rage mini shi ne buɗe fili.

Na kira shi a waya na faɗa masa.

Ya ce, "Haba Yallaɓai, ai wannan slot ɗinka ne, kowa ya sani. Ni ko a farko ka sa ni, I don't mind."

Na ce, "Na riga na yi fixing. Ka karɓa da sauri, don wallahi zuciyata ba ta da tabbas."

Ya yi dariya yana zaton wasa nake.

Ranar biki na hau dandamali bayan La'asar. Zauren wayam, sai wasu dattawa da suka zo da wuri don samun kujera kusa da hita mai ɗumama ɗaki, da mata suna jera kuloli a baya. Matata tana sahun gaba, kanta a sunkuye, kwarashi na ta aiki. Na fara, muryata tana dawo mini daga bango. Na kai wurin da ƙofa ta yi magana ta rufe, na yi shirun da na saba, sai kaina ya ɗauke ɗif. Maganar da na faɗa sau ba adadi ta ɓace. Na tsaya riƙe da wayar ƙarya a kunne.

Sai na ji murya daga sahun gaba, muryar tsohon wasana sak, har da karkarwarta: "Malam, duk jirgin nan ƙofa ce kaɗai mai tarbiyya!"

Matata ce. Ko kai ba ta ɗaga ba, hannunta bai tsaya ba. Dattawan nan suka kwashe da dariya har ɗaya ya sarƙe, mata suka bar kuloli suna tafi. Sun ɗauka da shiri muka yi.

Bayan Magariba direba ya hau, zaure ya kusa tsagewa. Ina tsaye a gefen labule ina kallon ulun matata yana sake gangarawa ƙarƙashin kujeru, kishin ya dawo sabo fil.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Wai ni me ya sa ba kya yi mini dariya?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce, "Haba Baban yara, tun kana gwada shi a banɗaki nake ji. Ni idan ka hau ba saurare nake ba, binka nake a zuci kalma bayan kalma, gabana na faɗuwa kada ka manta. A ina zan sami sararin dariya?"

Direban nan yanzu abokina ne na ƙut da ƙut, har yau shi ke hawa bayan Magariba, kuma ni nake sa shi. Na fahimci cewa shi dariya ta yi masa, ni kuwa haddace ni ta yi, kuma na san wanne ya fi. Amma kada in yaudare ku, sanin bai kashe kishin ba. Hular sanyin da take saƙawa a lokacin tawa ce, ita nake sawa duk hunturu. Saƙarta sumul take ko'ina, sai wuri biyu da zaren ya karkace ya yi ƙulli, inda kwarashin ya suɓuce mata. Na ce ta warware ta gyara, ta ce ba ta ga abin gyara ba. Duk safiyar da na ja hular nan zuwa kunne, sai yatsana ya sauka a kan dariyar da ba tawa ba.