Buji Huɗu a Aljihun Mijinyawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, takwas ga Afrilu, 1980, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Mijinyawa Salihu, mai sayar da kayan mota a unguwar Kelemat, cikin Njamena. Daga Kusuri nake wannan rubutu, a tsallaken kogi, inda yaƙi ya koro mu.

Mijinyawa, tun ranar da na sayi ƙaramar motata ƙirar Reno, ina shugabar makarantar 'yan mata, muke gardama da kai. Maza da yawa sun ba ni shawarar in ɗauki direba. Kai ba ka taɓa ba. Ka buɗe murfin injin, ka nuna mini buji, wato abin da baƙinmu na Najeriya ke kira fulogi, ka miƙo mini sifana. Duk lokacin da ta ƙi tashi na hau faɗa, sai ka ce, "Malama, mota ba 'yar aji ba ce, ba ta jin tsawa." Ni kuma in ce da ka zauna a ajina da ka iya magana da manya.

Kana da ɗabi'ar da ke ƙona ran masu gaggawa. Ba ka sayar da buji sai an kawo maka tsohuwar. Ka jera su a tafin hannu, ka gwada tsawon zarensu, ka duba launin bakin tsohuwar. Wayar buji kuwa sai ka lanƙwasa ta kusa da idonka, ka ga ko robar ta tsage. In za ka canza, ɗaya bayan ɗaya, kada a rikita jerinsu. Masu tasi nawa suka zage ka saboda wannan jinkiri, suka dawo washegari?

Da faɗa ya ɓarke, masu bindiga suka shiga ƙwace duk motar da ke tashi. Kowa ya cire wayoyin bujin motarsa ya ɓoye. Nawa a rufin kicin na sa su. Da suka zo suka kasa tayar da motata, sai suka farfasa kawunan bujin da gindin bindiga suka tafi. A gidan kuwa ga yayata Inno, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ba ta iya taku, unguwa tana watsewa, bakin kogi kuma ba kusa ba.

Maƙwabcinmu Dawuda ya kawo buji daga motarsa da ta ƙone. Ka jera su a hannunka kamar kullum, ka girgiza kai. Sun fi nawa tsawo, ka ce za su daki cikin injin su kashe shi a tsakiyar hanya, da Inno a ciki. Wayoyin da na ɓoye ma zafin kwanon rufi ya farfasa su. Na ce in an yi sauƙin harbi zan je shagonka da ƙafata, ba na aiken kowa cikin wuta. Ka yi dariya, ka ce, "Na sani, Malama. Ke ko Mala'ika ba kya aike."

Ba ka jira ni ba. Ka je, ka buɗe shago, ka zaɓa. A kan hanyar dawowa ɓarin harsashin igwa ya same ka, kana iya hango ƙofar gidana. Da aka shigo da kai zaure, matarka Hansatu ta sa hannu a aljihun rigarka. Ta fito da buji huɗu sababbi, da wayoyi a naɗe, da tsohuwar fasasshiya guda da ka tafi da ita don gwaji. Ta zuba mini a hannu.

Ni na ɗaura su. Na bi yadda ka koya mini, ɗaya bayan ɗaya. Murɗi ɗaya ta tashi. A rayuwata ban taɓa ƙin jin wata ƙara kamar wannan ba.

Babu wata mota mai tashi a layinmu. Saboda haka kai ne ka fara shiga, cikin likkafani, kujerar baya a naɗe. Na kai ka bakin maƙabarta, na tsaya a waje inda mata ke tsayawa, maza suka shige da kai. Sannan na koma na ɗauko Inno da Hansatu da 'ya'yanka. Motar tana can bakin kogi a Milezi, ban san hannun da ta faɗa ba. Fasasshiyar bujin tana wurina.

Allah Ya jiƙanka, Mijinyawa. Ya yafe kurakuranka, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hansatu, da 'ya'yanka Lukumanu da Mariya, da dukan 'yan kasuwar Kelemat a duk inda suka warwatsu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kashe wutar nan da ke cin garinmu.

Inno tana tambaya kullum wa ya gyara motar. Har yau na kasa gaya mata.

Hajiya Rahmatu Yunusu
Kusuri